Silin Ɗakin Tela

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci rana Ya kuma halicci inuwa, Ya sanya wa kowace iyakarta, bai damƙa mabuɗin ko ɗaya a hannun bawa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka daidaita harshena a kan abin da ya auku, Ka tsare ni daga ƙari, domin abin da mutanen nan suka aikata ba ya bukatar a ƙara masa komai.

Bayan haka, a ƙarshen layinmu, daf da babban titi, akwai wani gida mai ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida, rufinsa kwano. Mai gidan tela ne, kuma Tela kowa ke kiransa, ko da yake kekensa ya daɗe a lulluɓe tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yana ji, yana gani, hankalinsa garau. Magana ce kawai ba ta fita, sai wani sauti daga maƙogwaro wanda matarsa kaɗai ke iya fassarawa. Matar tasa, wadda babba da yaro ke ce wa Gwaggo, ita ce hannunsa, ita ce ƙafarsa. 'Ya'yansu sun watsu garuruwa neman halaliya, suna aiko da abin da ya sawwaƙa.

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano da tsakar rana ya san irin horon da ke cikinsa. Amma ɗakin Tela yana zaunuwa, kuma da dalili. Tun yana da lafiya ba ya zubar da ƙyallen da ya saura daga ɗinki. Yakan tara su, ya cusa tsakanin buhu biyu, ya bi da zare layi-layi kamar mai yin katifa, sannan ya ɗaure a jikin katakon rufi. Bana ya ƙara ɗaya, baɗi ya ƙara wani a kai, har saman ɗakin ya rufe ruf. Ba abin kallo ba ne. Ya yi tumbi a tsakiya, launinsa ya koɗe, wani lokaci har ɓera kan yi gudu a cikinsa. Sai dai zafin kwanon a nan yake tsayawa, ba ya sauko wa wanda ke kwance.

Ana nan sai ƙaramar hukuma ta wayi gari da sabon shiri, wai shirin tsimin makamashi a gidaje. Wasu masu tallafi daga nesa suka kawo maganar, cewa idan aka sa wa ɗaki silin mai tare zafi, aka canja masa ƙwan lantarki da wanda ba ya shan wuta, fanka za ta huta, kuɗin wuta ya ragu, mutane su sarara. Magana ce ta gaskiya, ba ni da ja a kanta. Sai dai gaskiya idan ta faɗa hannun wanda ba ya tsoron tsayuwar gobe, takan koma kayan ado, a sa ta da safe a tuɓe da yamma.

Kansilan mazaɓarmu mutum ne da ake yi wa laƙabi da Mai Almakashi, saboda ba a taɓa ganin wani kayan aiki a hannunsa ba ban da almakashin yanka ƙyallen buɗe taro. Nasa na kansa ne, yana ajiye a aljihun mota don kada buki ya riske shi ba shiri. Shi ya zo gidan Tela wata safiya, tare da jami'in shirin, wani mai ɗaure wuya da laktaye cikin wannan zafi, wanda ba ya buɗe baki sai ya ce "bisa ƙa'ida," har sunan ya bi shi.

"Gwaggo, sa'a ta faɗo miki," in ji kansila tun daga bakin ƙofa.

"Daga ina?"

"Daga ƙaramar hukuma."

"To bari in kauce, kada ta fasa mini kai."

Ya yi dariya irin ta wanda bai ji daɗi ba, ya shiga ya durƙusa gaban gadon. "Baba, ya jiki? Gidanka muka zaɓa a duk mazaɓar nan. Gidan misali. Manyan baƙi za su zo su gani."

Ba don sun fi kowa bukata aka zaɓe su ba. Gidan yana bakin titi, motocin baƙi za su tsaya ba tare da sun shiga kwata ba. Kuma akwai majinyaci a kwance, abin da Bisa-Ƙa'ida ya raɗa wa kansila cewa zai fito da kyau a hoto. Raɗar ba ta yi ƙasa yadda ya zata ba.

Jami'in ya ɗaga kai, ya yatsine fuska. "Wannan kuma mene ne?"

"Silin ne," in ji Gwaggo.

"Haba Hajiya, wannan ai bola ce aka rataye. Bisa ƙa'ida sai an sauke shi kafin a yi komai. Ƙura ce, gidan ɓera ne, kuma ashana ɗaya ta ishe shi."

Tela ya ji. Hannunsa na hagu ya damƙe zanen gado.

"In kun sauke, me za ku mayar?"

Sai ya zaro wani ɗan yanki daga jaka ya miƙa mata: farin allo mai kauri, cikinsa kamar soso, bayansa manne da takarda mai ƙyalli. Gwaggo ta juya shi, ta latsa da yatsa, ta sunsuna. Ta tuna likita ya gargaɗe ta game da ƙura saboda ƙirjin mijinta. Ta tuna yadda take share kashin ɓera daga kan matashinsa. Ta dubi Tela. Ya yi wannan sauti nasa, kuma ta fahimci a'a yake cewa. Amma ta ɗauka ciwon kalmar bola ce ke magana, ba hankali ba.

"Honorabul," ta ce, "in an sa, namu ne?"

"Gwaggo! Ni da Baba ya ɗinka wa kayan makaranta? Ni zan cuce ku?"

Mai hankali zai lura cewa tambaya ɗaya aka yi masa, ya mayar da biyu, bai amsa ko ɗaya ba. Gwaggo ba ta lura ba, domin ta riƙe shi yana jariri, kuma mutum yakan yi wuyar zargin wanda ya taɓa goyawa.

Washegari ma'aikata suka zo. Aka fitar da Tela tsakar gida, yana kallo aka yanke igiyoyi, aikin shekarunsa ya riƙa faɗowa buhu-buhu. Gwaggo ta ce a jingine mata su a bayan ɗaki. Bisa-Ƙa'ida ya ce sam, idon baƙi zai iya kaiwa wurin. Ya kira motar shara ta kwashe. A tarihin layinmu wannan ne karo na farko da motar shara ta zo da kira ɗaya.

Kafintan da ya hau aikin dattijo ne mai kawaici. Gwaggo tana miƙa masa ruwa sai ta lura ba ƙusa yake bugawa ba, noti yake ɗaurawa, kuma ramukan notin tuni suna jikin allunan, bakinsu ya ɗan cinye.

"Malam kafinta, sababbi ne kuwa? Na ga kamar an taɓa huda su."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da murɗa sukundireba. "Haka suke zuwa hannuna, Gwaggo."

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, lasifika ta cika unguwa da kururuwa. Shugaban ƙaramar hukuma ya iso bayan kowa ya gaji da jira, baƙi na biye da shi suna murmushi suna gyaɗa kai ga maganar da ba su ji. Aka sa wa Tela farar riga da hula. Wani ya ɗaga na'urar auna zafi a waje, ya shiga da ita ɗaki, ya sake ɗagawa, aka yi tafi. Mai Almakashi ya yanka ƙyalle, ya yi jawabi a kan tausayin raunana har muryarsa ta yi rawa. Da aka zo hoto, ya kamo hannun Tela na dama, wanda ba ya motsi, ya riƙe kamar suna musafaha. Da mai hoto ya ce ya yi, ya sake shi, hannun ya faɗi a gefen gado yana reto. Gwaggo ce ta mayar da shi kan ƙirjinsa.

Wajibi ne in faɗi gaskiya ko da ta yi wa azzalumi daɗi: silin ɗin yana aiki. Ɗakin ya yi sanyin da bai taɓa yi ba, ya yi haske, ƙura ta ɗauke. Fanka ma kashe ta aka yi. Tela, wanda ya ƙi duban sama tun da aka sa, ya samu barcin rana mai nauyi, har da minshari. Gwaggo ta tsaya a kansa tana kallo, ta ɗaga hannu ta yi wa kansila addu'a da sunan mahaifiyarsa.

Ba a jima ba ranar karɓar magani ta zo. Al'adarta ce ta fita da sassafe zuwa asibiti, ta jawo ƙofa ba tare da ta sa kwaɗo ba, ta bar wa maƙwabciya amanar saurare. Bayan fitarta motar ƙaramar hukuma ta tsaya a ƙofar gidan. Maƙwabciyar ta leƙo, ta ga jami'i da kafinta, ta ɗauka ƙarashen aiki suka zo yi, ta koma wankinta.

Abin da ya faru a ɗakin daga bakin kafintan na ji shi, bayan lokaci, yana faɗa yana share ido. Ya ce da ya kafa tsani ya ga Tela a kwance yana kallonsa, sai hannunsa ya ƙi ɗaguwa.

"Yallaɓai, mutum fa a kwance."

"To sai me? Shi za ka kwance ko silin?"

"Rana za ta yi yanzu. An zubar da nasu."

"Kai aka tambaya? Kayan hukuma ne, bisa ƙa'ida ana bukatarsu a wata mazaɓa kafin azahar. Ku rufa masa zane a fuska kada ƙura ta zuba masa, a ce ba mu kula ba."

Wannan ita ce iyakar rahamar da ƙa'ida ta tanada. Aka rufa masa zane. Kafintan ya ce duk notin da ya warware sai ya ji sautin nan daga ƙarƙashin zanen, ba ƙarfi, ba kuma tsayawa. Suka sauke allunan ɗaya bayan ɗaya, suka cire har ƙwan lantarkin, suka jawo ƙofa yadda suka same ta.

Gwaggo ta dawo rana ta take. Tana tura ƙofa zafi ya bugi fuskarta kamar ta buɗe tanda. Ta ɗaga kai ta ga kwano tsirara, haske na shigowa ta ramukan ƙusa. Tela ya samu ya janye zanen da hannun hagu, amma ya kasa kaiwa ga kofin ruwa. Rigarsa ta jiƙe, leɓɓansa sun bushe, numfashinsa na fita da ƙyar. Ba ta yi ihu ba. Ta tallafo kansa ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ta jiƙa zane ta shimfiɗa masa, sannan ta kira maza suka ɗauke shi zuwa zauren maƙwabta, inda akwai ɗan sanyin siminti. Maƙwabciyar tana kuka tana ba da haƙuri.

"Bar kuka, ba ke kika cire ba. Ina suka nufa?"

"Wai can hayin kasuwa. Tun jiya mota ke shela za a buɗe gidan misali."

Gwaggo ta gyara mayafi ta fita. Ba ta sha wahalar nema ba, lasifika ta yi mata jagora. Rumfar nan ce dai, kujerun nan ne, baƙin nan ne da murmushinsu. Mai Almakashi na zaune a sahun gaba, ya zo taya takwaransa na wannan mazaɓa, har ya ara masa almakashi. Ta ratsa tsakanin kujeru ta tsaya a kansa.

"Honorabul, ina silin ɗakin mijina?"

Ya zabura, ya jawo ta gefen rumfa. "Gwaggo, rage murya, don Allah. Akwai baƙi."

"Na bar wanda ya fi su a zauren mutane. Ina silin?"

Ya yafito Bisa-Ƙa'ida, wanda ya zo yana gyara laktaye, ya yi bayani a natse kamar mai karantar da yaro. Kayan nuni ne, in ji shi. Na ɗaki ɗaya aka sayo. Mazaɓu kuwa da yawa, kuma baƙi suna son ganin gidan misali a kowace kafin su koma. Saboda haka ake zagayawa da shi. Na dindindin yana cikin kashi na biyu.

"Yaushe ne kashi na biyun?"

"Idan an amince da kasafi."

"Wa zai amince?"

"Waɗannan baƙin, idan abin da suka gani ya gamsar da su. Kin ga ke nan, Hajiya, don amfaninku ake yi."

"Wanda kuka sauke fa?"

"Wannan ai ba ya cikin ƙa'ida tun farko."

Ta dube shi tun daga takalmi har laktaye. "Yaro, uwarka na da rai?"

"Tana nan."

"Allah Ya ba ta haƙuri."

Ta juya ta nufi ƙofar gidan da aka ɗaura wa ƙyalle. Kansila ya biyo ta yana "Gwaggo, Gwaggo," ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashin ƙyallen. Niyyarta ɗaya ce: ta tsaya a tsakar ɗakin ta ɗaga murya har baƙi su ji, kada ta motsa sai an sauke allunan an mayar inda aka ciro su. Kuma da ta yi, da wataƙila ta samu, domin waɗannan mutane ba abin da suke tsoro kamar hayaniya a gaban mai ba da kuɗi.

Ta ɗaga labule. Sanyin da ta sani ya tarbe ta. Ta ɗaga kai ta gane allunan, har da mai ɓantararriyar kusurwa wanda yake saitin matashin Tela. A ƙarƙashinsu wata yarinya ce mai jego zaune a bakin katifa, an sa ta ta yi kwalliya saboda hoto, da jariri a cinyarta. Wuyan jaririn da ƙirjinsa duk ƙurajen zafi ne, ja wur, amma yana barci, bakinsa a buɗe.

"Sannu da zuwa, Inna," in ji mai jegon. "Kin ga abin da Allah Ya yi mana? Tun da aka haife shi bai yi barcin rana ba sai yau."

Gwaggo ta ce, "Kafin a sa wannan, me ke sama?"

"Wani tsohon kwali ne da maigidan ya lallaɓa. Sun ce bola ce, sun zubar."

"Maigidan yana ina?"

"Direba ne, yana hanya."

Gwaggo ta zauna a bakin katifar. Ta miƙa hannu ta taɓa tafin ƙafar jaririn. A waje lasifika na kiran manyan baƙi da su matso. Allah kaɗai Ya san abin da ta auna a wannan zama, da wanda ta ɗora a kowane gefe na ma'aunin.

"'Yata, ƙofar nan tana da sakata?"

"Tana da ita, Inna."

"To saurara da kyau. Jiya war haka silin nan a kan mijina yake, shi kuwa ba ya iya tashi. Na fita karɓo magani, na dawo na tarar da kwano. Za su dawo nan ma, da safe, lokacin da suka san ba namiji. Kada ki buɗe. In sun ce gyara za su yi, kada ki buɗe. In sun ce shugaba ne da kansa, ki ce kina wanka. Kina da uwa kusa? Kira ta. Kira matan layin nan, ki faɗa musu abin da na faɗa miki."

Mai jegon ta rungume jaririnta, idonta ya cika. "Inna, ashe naku ne. To shi Baba fa?"

"Ba namu ba ne, ba naku ba ne. Amma yau a kanku yake." Ta miƙe da ƙyar. "Shi Baba ya ga duniya. Wannan ko sunansa bai sani ba."

Ta fito ta bayan gida, ba ta sake bi ta rumfa ba. Kansila ya ga ba a yi hayaniya ba, ya sauke ajiyar zuciya, ya zaci kwarjininsa ne ya yi aiki.

Washegari da safe da motar hukuma ta koma hayin kasuwa, ta tarar da matan layin zaune a ƙofar gidan, wata na tsintar hatsi, wata na kitso, wata na shayarwa, sun cike hanyar. Bisa-Ƙa'ida ya karanta musu ƙa'ida. Wata tsohuwa ta ce ya maimaita, kunnenta ba ya ji sosai. Ya maimaita. Ta ce har yanzu ba ta ji ba. Ya koma ya dawo da 'yan sanda, su kuwa suka leƙa suka ga mai jego, suka ce ba da su ba. Allunan suna can har yau. Sauran mazaɓun aka buɗe musu gidan misali da hoton Tela, an buga shi babba a jikin ƙyalle, yana musafaha da kansila. An ce baƙi sun gamsu.

A layinmu kuwa aka yi abin da aka iya. Wannan ya kawo kwali, wancan ya kawo tsohuwar tabarma, aka ɗora wasu a kan kwano aka danne da duwatsu, aka ɗaure wasu ta ciki. Kafintan ya zo da kansa ya buga su, bai karɓi ko ruwa ba, da ya gama ya durƙusa gaban gado ya nemi gafara. Tela ya dube shi, ya ɗaga hannun hagu kaɗan. Ɗakin ya ɗan lafa, amma abin da aka yi shekaru ana ɗorawa ba ya dawowa a yini ɗaya, kuma lokacin tsananin zafi ne. Tun daga wannan rana ƙirjinsa bai koma daidai ba. Abinci ya ragu, sautin nan nasa ya yi ƙasa har Gwaggo sai ta kai kunne. Ta gaya masa inda ta je da abin da ta gani da abin da ta bari. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce yatsanta kawai ya riƙe.

Ya cika wata rana da la'asar, Gwaggo na yi masa fifita, kalmar shahada na bin leɓɓansa. Ajali na Allah ne, ba ya gabata ba ya jinkiri, kuma ba na cewa wani mahaluki ya rage wa Tela numfashi ɗaya daga abin da aka rubuta masa. Amma wanda aka ƙaddara wa ƙishirwa daban, wanda ya kifar da tulun daban, kuma na biyun za a tambaye shi.

Washegari Mai Almakashi ya zo ta'aziyya bayan azahar, da mai hoto a bayansa. Ina cikin waɗanda ke zaune a ƙofa. Muka ce ya zauna nan waje tare da maza, ya ce a'a, shi ɗan gida ne, sai ya ga Gwaggo. Aka shiga aka faɗa mata.

"Ya shigo," ta ce. "Mai hoton ya tsaya waje."

Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a inda gadon yake. Ta roƙe ni in shigo in yi addu'a, kuma ta ce kada in gajarta. Ban gajarta ba. Kafin in kai rabi babbar rigarsa ta manne a bayansa. Da na shafa ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Honorabul, ba mu gaisa ba. Ya mahaifiyarka? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Ya maiɗakinka? Ya yara? Babban ya gama makaranta?"

Ya amsa, yana share wuya da hula. Ta bi danginsa ɗaya bayan ɗaya, na kusa da na nesa, har da waɗanda shi kansa ya manta. Gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa tabarma. Daga bisani ya yi gyaran murya.

"Gwaggo, na zo miki da albishir. Na sa an rubuta gidan nan a sahun farko na kashi na biyu."

"A kai wa mai rai."

Ya dubi sama, ya ga kwalaye da tabarmi, ya yi sauri ya mayar da ido ƙasa. Ya ƙara minti kaɗan yana haki, sannan ya miƙe tsaye.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo, bari in sha iska. Wallahi ɗakin nan ba ya zaunuwa."

"Je ka," ta ce. "Kai kana da ƙafa."

Ya Allah, Ka jiƙan Tela, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka sanyaya shi, Ka sanya jinyarsa ta zama kaffara, Ka sanya shi a inuwarKa ranar da rana za ta kusanto kawunan bayi. Ka ba matarsa ladan abin da ta bari alhali tana da ikon karɓa. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk waɗanda suka riga mu. Wanda ya karanta wannan kuwa, Ka rufa masa asiri, Ka ba shi lafiya, kada Ka ɗora masa amanar da ba zai iya ba, kada kuma Ka jingina rauninsa ga wanda ba ya tsoronKa. Amin.